IDAN FAIFAN AJIYA YA FAƊI: ABIN DA ZA A YI DA ABIN DA ZA A GUJE WA

A wani gida da ke Kurmin Mashi, nan cikin Kaduna, ba nisa da babbar hanyar Nnamdi Azikiwe inda manyan motoci ke wucewa dare da rana, akwai wani maƙwabcina ma'aikacin gwamnati wanda ya shekara uku yana haɗa aikin ofis da karatun digiri na biyu. Duk abin da ya tara a cikin waɗannan shekaru, watau babobin kundinsa, da hotunan tsofaffin takardun da ya ɗauka a ma'ajiyar tarihi, da muryoyin dattawan da ya bi gari gari ya yi hira da su, ya zuba su ne a cikin wani ɗan akwati baƙi wanda bai fi tafin hannu ba. Wannan shi ne faifan ajiya na waje, wanda masu gyara ke kira had-dis, ana haɗa shi da kwamfuta da 'yar igiya.

Ran nan da dare yana cikin aiki, sai ƙaramin ɗansa ya shigo a guje, ƙafarsa ta harɗe igiyar, faifan ya faɗo daga kan tebur ya bugi siminti. Da ya ɗauka ya duba bai ga ko tsaga a jikinsa ba, sai ya yi hamdala ya sake haɗawa. Fitilar faifan ta kama, amma kwamfuta ba ta gan shi ba. Sai wata 'yar ƙara yake ji daga ciki, ƙas, ƙas, ƙas, kamar ta agogon bango. Biyu daga cikin dattawan da muryarsu ke ciki sun riga mu gidan gaskiya, kuma ba shi da kwafin hirarsu a ko'ina.

Irin wannan tsautsayi ba a gidansa aka fara ba. Akawun da ya tara lissafin albashin ma'aikata, da malamin da ya ajiye sakamakon jarrabawa, da ɗalibar da ta kusa kare kundinta a gaban malamai, kowannensu na iya wayar gari a cikin wannan hali. Abin da mutum ya aikata a cikin sa'o'in farko shi ke yanke hukuncin ko aikinsa zai dawo ko ya tafi ke nan. Saboda haka ya kamata mai karatu ya san abin da ke cikin wannan akwati tun kafin ranar ta zo.

ABIN DA KE CIKIN AKWATIN

Waɗanda suka yi zamani da garmaho ba za su sha wuyar gane wannan na'ura ba. A cikinta akwai faranti ɗaya ko biyu masu sheƙi kamar madubi, na gilashi ko na alminiyam, an shafe su da wani siririn sinadari mai ɗaukar maganaɗisu. A kan wannan shafe ne ake rubuta komai. Akwai ɗan inji mai juya farantan, akwai kuma hannu mai kai da komowa a kansu, a bakinsa akwai wata 'yar allura mai karatu da rubutu. A bayan akwatin kuma akwai allon lantarki, wanda masu gyara ke kira fanel, shi ke ba sauran sassan umarni.

Bambancinsa da garmaho shi ne allurar garmaho tana taɓa faifai, amma wannan ba ta taɓawa ko kaɗan. Farantan ƙananan faifai na tafi-da-gidanka sukan yi juyi 5,400 a minti ɗaya, watau sau 90 a kowace daƙiƙa, kuma iskar da wannan gudu ke tayarwa ita ke ɗauke da allurar tana shawagi a sama da farantin. Tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai nanomita 10 ba, alhali kuwa kaurin silin gashin mutum guda ya kai wajen nanomita 70,000. To, idan faifai ya faɗi yana cikin juyawa, allurar takan daki farantin, ta lanƙwashe ko ta karye, wani lokaci kuma ta kankare shafen da rubutun ke kai.

Kamfanin IBM na ƙasar Amurka ne ya fito da irin wannan na'ura ta farko a 1956. Tana da faranti 50, faɗin kowanne inci 24, nauyinta kuwa ya kai kimanin tan guda, amma abin da take iya ɗauka haruffa miliyan 5 ne kacal. Faifan terabayit ɗaya da ɗalibi ke sakawa a aljihu yana ɗaukar ninkin wannan fiye da sau 200,000. Wannan ci gaba ne babba, sai dai yana tafe da nasa haɗari, gama tun da rubutun ya ƙanƙance haka, ƙarzanen da ido ba ya gani ma yana iya cinye aikin wata guda.

LALACEWA IRI IRI CE

Ba kowace lalacewa ce ke kai wa ga farantai ba, kuma mai faifai na iya fahimtar abubuwa da yawa da kunnensa da hancinsa.

Idan faifan ya yi shiru ɗungum, ba motsi ba ƙara, sau da yawa laifin na igiya ne, ko na bakin da ake soka ta, ko na allon lantarki. Wannan ita ce mafi sauƙi, domin rubutun na nan lafiya lau. A gwada wata igiyar da wata kwamfutar tukuna. Idan kuwa an ji ƙauri, to wuta ta yi ɓarna. Manyan faifai na kan tebur suna cin bolt 12 ne, kuma kuskuren da ya yawaita a ofisoshi shi ne a soka musu cajar kwamfutar hannu mai bolt 19 saboda bakinsu ya yi kama. Haka kuma wutar da ta dawo da ƙarfi bayan ɗaukewa, ko ta janareta marar daidaito, tana iya ƙona allon.

Idan faifan na yin wani siririn kuka amma ba a jin juyawarsa, mai yiwuwa allurar ce ta manne a kan faranti, ko kuma injin juyawar ya cije. Idan yana juyawa amma yana ƙas, ƙas, kamar na maƙwabcina, to allurar ta kasa karanta abin da take nema, hannun yana zuwa yana komawa yana bugun madogararsa. Idan kuwa ƙarar gurzawa ake ji kamar ana wasa wuƙa a dutse, wannan ita ce mafi muni, domin allurar na kankare farantin ne a daidai wannan lokaci, ƙurar da ke tashi kuwa ita ce rubutun da ake nema.

Akwai kuma faifan da kwamfuta ke gani amma yana jan ƙafa, ko ta riƙa cewa sai an yi masa fomatin. Kada a yarda da wannan tayi. Kada kuma a sa manhajar gyaran faifai ta bi ta kansa, gama irin waɗannan manhajoji rubutu suke yi a kan faifan, su kuma tilasta wa allurar da ta riga ta raunana ta yi ta aiki har ta ƙarasa mutuwa. Manhajojin dawo da bayanai da ake samu a intanet an yi su ne domin abin da aka goge bisa kuskure a faifai mai lafiya. Ba su ɗora allurar da ta karye.

GARIN NEMAN GIRA

Maƙwabcina bai san wannan ba. A daren farko ya haɗa faifan ya cire ya fi sau goma, yana fatan ko zai farfaɗo. Washegari wani abokin aikinsa ya ce masa, "Malam, ai wannan ba abin damuwa ba ne, ka naɗe shi a leda ka sa a firji ya kwana." Ya kuwa yi hakan. Wannan dabara ta samo asali ne daga tsofaffin faifai na shekarun baya, amma ga na yanzu illa ce zalla, domin da zarar an fito da shi daga sanyi raɓa za ta kwanta a kan farantai, allurar kuma ta bi ta kanta.

Da wannan bai yi ba, sai ya kai wa wani mai gyaran wayoyi da kwamfuta, yaro mai hazaƙa wanda ya sha yi masa aiki mai kyau. Yaron ya ce, "Oga, bari mu buɗe mu gani." Ya kwance murfin a kan teburinsa, ƙofar shago a buɗe, fanka na kaɗawa, ga shi kuwa lokacin hunturu ne, ƙura ta cika gari. Ba mugunta ya yi ba, rashin sani ne. Ƙwayar ƙura guda ta fi tazarar da ke tsakanin allura da faranti girma sau ɗaruruwa, saboda haka a wurin allurar tamkar dutse ce a tsakiyar hanya. Shi ya sa ƙwararru ba su buɗe faifai sai a ɗaki ko akwati mai tace iska, inda ƙa'ida ta ce kada ƙwayoyin ƙura masu girman rabin maikiron su wuce 100 a cikin iskar da za ta cika akwati mai ƙafa ɗaya ta kowane ɓangare. A ɗakin zama na yau da kullum adadin yakan kusanci miliyan.

Wani kuskuren shi ne a cire allon lantarki na wani faifan mai kama da shi a ɗaura. A faifan zamani akwai wata 'yar ƙwaya a kan allon mai ɗauke da ma'aunin da aka daidaita wa wannan faifai shi kaɗai tun daga masana'anta, kuma in ba a ciro ta an mayar a kan sabon allon ba, faifan ba zai karantu ba. Wasu faifan waje ma allon nasu yana kulle rubutun da mabuɗin sirri. Don haka ko da allo ya ƙone ƙurmus, kada a yar da shi.

Wanda kuma faifansa ya faɗa ruwa, ko ambaliyar damina ta shiga masa ɗaki kamar yadda takan faru a unguwannin da ke bakin kogin Kaduna, kada ya haɗa shi da wuta, kada ya shanya shi a rana, kada kuma ya binne shi a cikin shinkafa. Idan ruwan ya bushe a ciki, dattin da ke cikinsa zai daskare a kan farantai. Sai a sa shi a leda yadda yake, a ɗaure, a gaggauta kai shi ga masu aikin.

YADDA ƘWARARRU KE AIKI

Abu na farko da ya kamata a gane shi ne ƙwararre ba gyara faifan yake yi don a ci gaba da amfani da shi ba. Burinsa ya tashe shi na ɗan lokacin da zai isa a kwashe abin da ke ciki. Yakan nemo wani faifan lafiyayye mai irin ƙira ɗaya, ya ciro allurarsa ya dasa wa marar lafiyan. Sa'an nan ya haɗa shi da wata na'ura ta musamman, irin su PC-3000 ta kamfanin ACE Lab, wadda ke iya ba faifan umarni kai tsaye, ta ce masa ya tsallake wurin da ya lalace, ko ya yi aiki da allura ɗaya ya bar ɗayar.

Daga nan sai a shiga kwafe faifan gaba ɗayansa zuwa wani sabo, gurbi bayan gurbi. Akan fara da wuraren da ke karantuwa cikin sauƙi, a bar masu wuya sai daga baya, domin in faifan ya mutu a tsakiyar aiki a ce an riga an tsira da mafi yawa. Wannan kan ɗauki kwanaki, wani lokaci makonni. Sai an gama ne ake zama a kan kwafin a harhaɗa fayiloli. Ga faifan da ke juyawa lafiya ba ya wata ƙara, sai dai wasu gurabensa sun lalace, akwai manhaja ta kyauta mai suna GNU ddrescue da ke bin wannan tsari, kuma wanda ya san kwamfuta sosai na iya amfani da ita. Amma faifan da ke ƙas, ƙas, ya wuce nan.

Don a san iyakar abin da wannan sana'a ke iya yi, sai a dubi labarin kumbon Columbia na Amurka, wanda ya tarwatse a sararin jihar Texas ran 1 ga Fabrairu, 2003, 'yan sama jannati bakwai suka rasu. A cikin tarkacen da aka tsinto akwai wani faifai ƙirar Seagate wanda ya ƙone ya narke ta waje, yana ɗauke da sakamakon wani gwaji da aka yi a kan iskar zenon. Aka kai shi kamfanin Kroll Ontrack a jihar Minnesota, inda wani injiniya mai suna Jon Edwards ya ciro farantan, ya wanke su, ya dasa su a cikin wani faifan, aka samo kashi 99 cikin 100 na bayanan. A 2008 masana suka buga sakamakon gwajin. Abin da ya cece shi shi ne ɓangaren farantin da rubutun ke kai bai kankaru ba. Sauran faifai biyu da aka tsinto daga kumbon ba a sami komai a cikinsu ba, gama zafi ya riga ya shafe maganaɗisunsu. Darasin a fili yake: muddin shafen faranti na nan akwai fata, in ya tafi kuwa babu gwanin da zai dawo da shi.

Kafin mutum ya miƙa faifansa, yana da kyau ya yi tambayoyi. A ina za a buɗe shi? Za a nuna masa jerin fayilolin da aka samo kafin ya biya? In ba a samo komai ba, nawa zai biya? Ya kuma rubuta musu abin da ya fi muhimmanci a wurinsa domin a fara da shi, ya faɗi gaskiyar duk abin da aka yi wa faifan. Ma'aikacin gwamnati kuwa yana da ƙarin nauyi. Idan akwai takardun ofis a ciki, ko sunayen mutane da albashinsu da lambobin asusunsu, bai kamata ya miƙa shi ga kowa ba sai da sanin shugabansa a rubuce, domin Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 da Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 duka sun shafi wannan al'amari.

Maƙwabcina daga bisani ya aika da nasa faifan Legas. Bayan makonni aka aiko masa da jerin abin da aka samo, kuɗin aikin kuwa ya ninka na sabon faifai sau da yawa. Babobin kundin sun dawo, hotunan takardu ma mafi yawansu sun dawo. Amma fuska ɗaya ta faranti ta kankaru, kuma manyan fayiloli irin na murya su suka fi jin jiki, domin a warwatse suke a kan fuskokin. Hirar ɗaya daga cikin dattawan nan biyu ta dawo da giɓi a tsakiya, ta ɗayan ba ta dawo ba sam. Masu aikin suka gaya masa cewa yawancin ƙarzanen ba faɗuwar ce ta yi shi ba, kunnawar da aka yi ta yi ne daga baya.

RIGAKAFI YA FI MAGANI

Kada wani ya ɗauka wannan sakaci na ɗaiɗaikun mutane ne kawai. Ran 12 ga Yuli, 1973, gobara ta tashi a ma'ajiyar takardun ma'aikata ta gwamnatin Amurka da ke St. Louis, ta cinye fayilolin sojoji tsakanin miliyan 16 zuwa 18, ba kuwa kwafinsu a wani wuri. A watan Satumba na 2025 kuma gobara ta kama cibiyar ajiyar bayanai ta gwamnatin Koriya ta Kudu a birnin Daejeon, inda rumbun da ma'aikata ke zuba takardunsu, mai ɗauke da kimanin terabayit 858, ya ƙone ba tare da an taɓa yi masa kwafi ba. Takarda ce ko na'ura, cutar guda ce: abu ɗaya a wuri ɗaya.

Magabatanmu sun fi mu gane wannan. Littattafan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da na ƙanensa Abdullahi da na ɗansa Muhammadu Bello sun iso gare mu bayan shekaru fiye da 200, duk da gara da gobara da yaƙe-yaƙe, domin almajirai sun yi ta kwafe su da hannu suna tafiya da su garuruwa. In na Sakkwato ya ɓace, akwai na Kano ko na Zariya. Wanda ya shiga Gidan Arewa a nan Kaduna, wanda aka mai da shi cibiyar binciken tarihi a 1970, zai ga irin waɗannan kwafe-kwafe da idonsa.

Masana kwamfuta ma abin da suke faɗa ke nan, cikin wata ƙa'ida da wani mai ɗaukar hoto ɗan Amurka, Peter Krogh, ya yayata, wadda ake kira 3-2-1. Watau kowane abu mai muhimmanci ya zama yana da kwafi 3, a kan na'urori iri 2, sa'an nan 1 daga ciki ya kasance a wani wuri dabam. Ga ɗalibi wannan ba ya bukatar dukiya: ɗaya a kwamfuta, ɗaya a faifan waje ko filasha, ɗaya kuma a intanet. Google na ba kowane mai asusu gigabayit 15 kyauta, kuma rubutaccen kundi ko ɗaya cikin ɗari na wannan ba zai ci ba. Ko aika wa kai babi ta imel duk ranar Juma'a ma ya wadatar da yawa. A tuna fa, in an kwashe abu daga kwamfuta aka mayar faifan waje aka goge na farkon, ba a yi kwafi ba, ƙaura kawai aka yi masa. A kuma riƙa buɗe kwafin lokaci lokaci a tabbata yana karantuwa.

Faifai na zamani marasa faranti, waɗanda ake kira SSD, sun fi jure faɗuwa tun da ba abin da ke juyawa a cikinsu, amma su ma suna mutuwa, sau da yawa ba tare da gargaɗi ba, kuma ceto daga cikinsu ya fi wuya. Mai faifan faranti kuwa ya ajiye shi a kwance a tsakiyar tebur, igiya nesa da hanyar wucewa, kada ya ɗaga shi yana aiki, ya kuma sallame shi daga kwamfuta kafin ya zare.

Shugabannin ma'aikatu da na makarantu su ma akwai nasu. Bai dace a ce lissafin sashe guda yana kwana a jakar akawu ɗaya ba. A sa doka a rubuce: wane ne ke yin kwafi, yaushe, a ina ake ajiye shi, wa ke dubawa.

Maƙwabcina ya kare kundinsa, ya kuwa ci. Amma ranar da ya koma ƙauyen dattijon nan don ya nemi wanda zai maimaita masa abin da marigayin ya faɗa, 'ya'yansa suka ce, "Ai Malam, mu ma jira muke ka kawo mana muryar Baba mu ji." Yanzu faifai biyu gare shi, ɗaya a gida ɗaya a ofis. Ya ce in gaya wa duk wanda ya ji faifansa na ƙas, ƙas, ya zare igiya nan take, kada ya ƙara kunnawa ko sau ɗaya. In kunne ya ji, jiki ya tsira.